Attajirin da Aka Ɓoye Cikin Rumbunsa

A nan unguwar Ulaisha, a ƙasar Larabawa, in na gama aikin gidan kafilina, mai riƙe da takardun zamana, na goya ɗana, Kaka nake tunawa. A ƙauyenmu na wajen Maraɗi, bayan an ci tuwo, takan tura kara cikin wuta, mu matso. "Ku gyara zama," in ji ta, "wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani."

Labarin Mai Gandu ne. Zamanin Nasara, gonarsa ta gyaɗa da gero sai ka gaji da tafiya ba ka ga iyakarta ba. Iyayen Kaka barorinsa ne. Ɗan majalisa ne kuma, in ya miƙe magana a Yamai, wai har Nasara sai sun yi tsit. 'Yanci yake nema wa ƙasa. Amma shekarar yunwa bai buɗe rumbu ko ɗaya ba, barori suka rayu da tafasa.

Da ƙasa ta rikice, soja suka zo kama shi. Ya faɗo bukkar barori ba hula, ba takalmi. Maza suka ɗaga jinkar babban rumbu za su zura shi. Bara bai taɓa leƙa ciki ba sai ranar. Gero ne danƙam, na shekaru, har da na shekarar da yunwa ta kashe ƙanin Kaka.

"Uwata ta duba, ta ƙara dubawa," in ji Kaka. "Sai ta ce, ku rufe shi."

Soja suka doki maza, suka ɗora wa uwar Kaka bakin bindiga. Ko kallon rumbun ba ta yi ba.

Na ce, "Kaka, tausayinsa ta ji?"

Ta yi dariya har da tari. "Tausayi? Ke 'yar nan, kanki gora ne ba ruwa! Da ta nuna shi, ai da soja sun ga geron. Su kwashe, ko su cinna masa wuta. Mu ci me?"

Yau iƙamar ɗana, takardar izinin zamansa, tana hannun kafili. In madam, matarsa, ta zage ni a kan abin da ban yi ba, magana takan taso min har wuya, in haɗiye. Na daɗe ina jin kunyar wannan shirun, ina ce wa kaina matsoraciya. Sai in tuna uwar Kaka. Kalma ɗaya ta isa ta rama jinin ɗanta. Ta dubi waɗanda suka rage mata, ta riƙe bakinta.

Ni nawa ɗaya ne, kuma yana numfashi a bayana.