Yadda Muka Ƙaddamar da Littafina a Gonar Baba

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Magariya, mu huɗu da direba na biyar, a wata tsohuwar mota da muka ɗauka haya. A bayanta akwai kwali uku na littafina, da lasifika, da batir, da buhun goro ƙarami na gaisuwa. Ku da kuke bina a nan kun san shekara shida na yi ina fama da labarin nan, Gonar Gabas, ina rubutawa bayan na gama gyaran kayen 'yan lekol, wato littattafan aikin 'yan makaranta. Ba wanda ya ɗauki nauyinsa, ni na kai shi Damagaram aka buga mini. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin da ya sa na nace sai a ƙauyenmu na wajen Dungas za a ƙaddamar da shi, alhali ga zaure mai fanka a cikin gari.

Saboda Baba ne. Ni kaɗai ne ɗansa namiji da ya rage, kuma tun da na zaɓi aikin koyarwa na bar masa gona, maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Ba ya karatun boko. Idan ba a kunnensa aka karanta littafin nan ba, har abada ba zai san abin da na tafi yi ba. Da ƙanwata ta gaya masa ranar taron, cewa ya yi kawai: "In na sami sarari."

Abokan tafiyata kowa da aikinsa. Akwai abokin aikina, mushen lissafi (mushe muke ce wa malamin makaranta a nan), wanda zai karanta muryar Tanko, manomin da labarin yake kansa. Ya sha farar shadda da guga har ba ya son jingina da kujera. Akwai wata baiwar Allah mai gabatar da shiri a rediyo, ita ce muryar matar Tanko, kwana ɗaya tak aka ba ta hutu. Sai mai gurmi, mutumin Kwaya, wanda zai riƙa kaɗawa tsakanin babi da babi. Sati uku muka yi muna gwaji a tsakar gidana har maƙwabta suka haddace babi na huɗu.

A bakin tasha muka tsaya karin kumallo. Shayi dala ashirin, ƙosai kuwa ya ƙanƙance har mai gurmi ya ce sai dai a riƙa haɗiya kamar ƙwayar magani. Mai ƙosan ta ji shi, ta ce ya je ya tambayo kuɗin wake a kasuwa sannan ya dawo su yi magana. Bai koma ba. Muka sha mai na kwalba a gefen hanya muka miƙa gabas.

Daga Magariya zuwa Dantchiao ƙasa a bushe take ƙamas. Gonaki an share, an tara kara an ƙone, shanu sun rame suna bin inuwa. Muna ta wuce amalanken jakuna da jarkokin ruwa, da 'yan kabu-kabu da suka ɗauko mutum uku uku. A Dantchiao muka sayi nono wajen wata Bafulatana, ta kalli shaddar mushe ta tambaye shi ko ango ne.

Ba mu yi nisa da Dantchiao ba ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo motar. Direba ya sauke gilashi ya ce alhamdulillahi, an sha ruwa jiya a nan. Kowa ya yi murna. Ni ma na yi, na kamar minti biyu, kafin na ga abin da ke cikin gonaki. Mutane ne ko'ina, maza a gaba da sungumi suna saran rami, mata a baya da ƙwarya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Ruwan shuka ne ya sauka.

Ni da aka haifa a ƙauye, ni ne na sa ranar taro a farkon damina, don kawai ita ce Asabar ɗin da muka gama jarrabawa. Na duba kalandar lekol, ban duba sama ba. A wajenmu, ranar da ruwan shuka ya sauka ba ta kowa ba ce. Laimar kwana biyu ce ko uku, wanda ya yi sake ta bushe, shekararsa ce ta tafi.

Mun ratsa Dungas gari shiru kamar an yi shara, rumfunan kasuwa babu kowa, 'yan kabu-kabun ma sun jingine babura sun tafi gona. Daga nan hanyar yashi ce, ruwa ya danne ta, motar ta yi ta gudu kamar ta san abin da ke jirana. Muka iso filin lekol ɗin ƙauyenmu wajen hantsi. Ƙanwata ta yi ƙoƙari: an kafa rumfa, an jera benci, an shimfiɗa tabarmi. Awaki biyu ne a ƙarƙashin rumfar.

Muka kai wa mai gari goro. Tsoho ne, ƙafa ta hana shi fita, shi ya sa muka same shi a zaure. Ya karɓa ya sa albarka, sannan ya ce da ni: "Mushe, yau ko ɗaurin aure ne ɗagawa za a yi. Ku dawo bayan sati."

Bayan sati babu mai rediyo, babu mota, mai gurmi kuma yana da nasa biki. Na fito na zauna a kan benci ɗaya cikin bencinan nan, wallahi kunya ta ishe ni. Na tara mutane na kawo su kallon awaki. Abin da ya fi ci mini rai, na san me Baba zai ce a ransa: ga ɗan bokon da bai san ranar shuka ba.

Mai rediyo ce ta katse mini tunani. Ta tambaye ni ina gonar Baba take, na nuna mata gabas. Ta cire takalmanta masu tsini ta jefa cikin mota, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ce ita ba ta ɗauki hutu don ta zauna ba. Mai gurmi ya samo amalanken jaki a maƙwabta, muka ɗora lasifika da batir da kwali ɗaya. Mushen lissafi ya dubi shaddarsa, ya dubi hanya, ya naɗe ƙafar wando ya biyo mu.

Mun tarar da Baba shi kaɗai a gaba yana sara, Inna da ƙanwata suna binsa da iri. Gona ce babba, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su ci ba. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi da sallah. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya gaisa da baƙi, bai tambayi komai game da taro ba. Sai ya miƙo mini sungumin da ke hannunsa ya je ya ɗauko wani a gindin tsamiya.

Rabona da sungumi shekara goma sha biyar. Layin farko da na sara ya karkace har Inna ta ce ko maciji nake bi. Mushen lissafi kuwa, mutumin da ke koya wa yara awo, cika hannu yake da gero yana zubawa a rami ɗaya, sai da ƙanwata ta kama hannunsa ta nuna masa da yatsu uku ake ɗiba. Direba ya ba mu mamaki, ashe manomi ne, layinsa kamar an ja da igiya. Mai gurmi ya ce shi hannunsa na sana'a ne, ya hau amalanke ya kunna lasifika ya shiga kaɗawa daidai da saran sungumi. Daga gonakin maƙwabta aka fara ɗago kai ana ɗaga mana hannu. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo huɗu, biyu sun fashe, amma mun ci fiye da rabin gonar.

Da rana ta take aka yi sallah, aka zauna gindin tsamiya shan fura. A ranar shuka wannan ɗan lokacin kaɗai mutane suke da shi, kafin rana ta yi sanyi a koma. Mai rediyo ba ta nemi shawarata ba. Ta ɗauki makirfo ta yi sallama irin tata ta rediyo, ta ce duk wanda ke jin muryarta ya taho da furarsa, ɗan gidan nan ya rubuta labari za a karanta. Mata sun san muryar, su suka fara zuwa. Sai maza, da sungumi a kafaɗa. Har wasu makiyaya da ke wucewa da shanu suka tsaya. Inuwar tsamiya ta cika, aka koma tsayuwa a rana. Can sai ga mai gari a kan amalanke, an ɗauko shi, ya ce ba za a yi abu a ƙasarsa yana jiyowa daga nesa ba. Shi ya buɗe taron da addu'a.

Muka fara babi na huɗu, inda Tanko ya yi shuka ruwa ya ɗauke, ya sake, ya sake ɗaukewa, ya rage masa irin ƙarshe a ƙwarya, ɗansa kuma yana birni. Ina karanta labari, mai gurmi yana bi a hankali. Wurin ya yi tsit, don babu wanda bai taɓa ganin irin wannan shekara ba. Baba yana can gefe ya ba mu rabin baya, yana gyara ƙotar sungumi.

Sai mushen lissafi ya shigo da muryar Tanko, da irin muryar da yake kiran sunayen 'yan aji. Bai kai layi uku ba Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba: "Manomi ba ya magana haka."

Aka fashe da dariya. Wani tsoho abokinsa ya ce: "To Malam, tashi ka yi mana yadda yake yi."

Na ɗauka zai yi fushi ya bar wurin. Sai na ga ya ajiye sungumi ya taso. Mushe ya miƙa masa makirfo da hannu biyu, kamar wanda aka sauke wa kaya. Muka yi dabara: ni in raɗa masa layi a kunne, shi ya faɗa yadda ya ga dama. Tun ina yaro rabon da in matsa kusa da shi haka. Ya gyara mini magana ta fi sau biyar. Inda na rubuta Tanko ya dubi ƙasa ya ga ta jiƙu, Baba ya ce ba a dubawa, tonawa ake yi da hannu a ga inda laima ta tsaya, ya durƙusa ya tona ya nuna wa jama'a. Mai rediyo tana amsa masa a matsayin matar Tanko, Inna tana rufe baki da gyale tana dariya.

Muka iso layin da na fi tsoro. Na raɗa masa: "Ni na kai shi lekol da hannuna, yanzu kuma ina jin haushi ya tafi." Baba ya sauke makirfon. Gurmi ma ya tsaya. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata komai a gaban mutane. Sai ya ɗaga makirfo ya faɗe shi daidai yadda na rubuta, bai canza ko kalma ɗaya ba. Ya miƙo mini makirfon ya ce rana ta yi sanyi, a koma aiki.

Mata suka rangaɗa guɗa. Kwalin da muka kawo ya ƙare a wurin, aka aika ƙauye aka ɗauko na biyu. Waɗanda ba sa karatu ma sun karɓa, suka ce 'ya'yansu za su karanta musu. Wata tsohuwa ta ba ni kaza a madadin littafi, na kuma karɓa da godiya. Abin da ban zata ba, mutum wajen goma daga cikin masu sauraro suka shiga gonar Baba da sungumansu, kafin la'asar sakaliya an rufe ramin ƙarshe.

Mun kamo hanya rana tana shirin faɗuwa. Shaddar mushe ta koma ja, kazar tana kan cinyarsa, mai gurmi yana tsokanarsa cewa an kore shi daga aiki a gaban mai gari. A Dungas muka tsaya cin tsire, mutane sun dawo daga gona kowa fuska a sake. Ni ko naman ban iya riƙewa da kyau ba saboda hannuna, amma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Mun shigo Magariya ana kiran isha'i, gari a bushe, ko ɗigo ba a yi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In za ka kai wa mutane abu, ka fara sanin ranar da suke ciki, in kuma ka same su a bakin aiki ka kama musu. Na kuma gane littafin da nake cewa nawa ne, masu gyara shi suna can gindin tsamiya, kuma bugu na biyu sai ya bi ta hannunsu.

Ranar Talata ina fitowa daga aji wayata ta yi ƙara, lambar ƙanwata. Na ɗauka, sai na ji muryar Baba. Bai taɓa kirana ba tun da na yi waya. Ya ce gero ya tsiro, layina ma ya tsiro duk da karkatarsa. Sannan ya ce: "Mutumin nan Tanko, ya aka ƙare?"

Na fara ba shi labarin shuka ta uku, ya katse ni.

"Ba hatsin nake tambaya ba. Ɗan nasa, ya dawo?"

Na ce: "A littafin bai dawo ba, Baba. Amma ni ina tafe ranar Asabar."

Ya ce to, in taho da littafin, akwai saura.