Takabar da na yi wa mai rai

'Ya'yana da jikokina, ku matso ku ji. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba, kuma ba zan faɗi sunana ba, don a unguwarmu ta Kilomita Biyar an riga an san shi, ba ta hanyar da nake so ba.

Da can ni mai tuyar masa ce a bakin Titin Koudoukou. Maigidana direban taksi ne, mutum marar yawan magana. Idan ya dawo da yamma sai ya wanke motar nan kafin ya wanke kansa. Da ita muka ciyar da 'ya'ya, da ita muka aurar da su. Ba mu da yawa, amma ban taɓa sunkuyar da kai gaban kowa ba.

Sai wata rana babbar mota ta daki taksin ta baya, ta murƙushe ta. Shi Allah ya tsare shi, ya fito da ɗan rauni a goshi. Da yake ba zai iya zama ba aiki, sai ya karɓi tuƙin motar kayan wani Alhaji zuwa Kamaru. Ya ce da ni, "Ki bi mana maganar asiransi." Haka muke kiran inshora a nan. Shekara da shekaru yana biyan su, ko wata ɗaya bai taɓa tsallakewa ba.

Na je ofishinsu. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta faɗa mini abin da za su bayar. Wallahi ko injin ba zai saya ba. Na ce ban yarda ba. Ta ce, "Mama, motar ta tsufa. Mai ƙiyasi ya duba." Na ce, "Da kuke karɓar kuɗinmu ba ku ga tsufanta ba?" Ta ce in dawo. Na dawo, na sake dawowa, har mai gadi ya daina tambayata wa nake nema. Maganarsu ba ta motsa ba.

A can nake da gaskiya, 'ya'yana. Ku riƙe wannan. Da na tsaya a kanta, ko na samu ko na rasa, da yau ina da fuskar kallon mutane.

A bakin ƙofar ofishin akwai wani dillali da ake kira Ɗanjuma, mai bin wa mutane takardu. Ya tare ni ya ce, "Inna, kina wahalar da ƙafarki. Mutanen nan ba sa jin tausayin ƙarfe. Gawa suke tsoro." Na ce a'uzubillahi, mijina yana raye. Ya yi dariya ya ce, "Yana Kamaru dai. Wa zai je ya duba? Mu ce raunin goshin ne ya tashi daga baya. Takarda tawa ce, hawaye naki. Haƙƙinku ne fa za ki karɓo."

Wannan kalmar ta haƙƙi ita ta ci ni. Na cire 'yan kunnena, na wanke kwallina, na yafa farin mayafi irin na mai takaba, na bi shi. Ma'aikaciyar nan da ta gan ni sai ta miƙe tsaye, ta kama hannuna, ta kawo mini ruwa da kanta. Na yi kuka, kuma kukan bai yi mini wuya ba. Aka biya, Ɗanjuma ya ɗauki rabonsa.

Na ce daga wannan shi ke nan. Amma mayafin ban yar da shi ba, na ninke shi na sa a ƙasan akwati. Ɗanjuma ya dawo. Akwai wani ɗan kasuwa da aka raina masa motarsa a wani kamfani, ana neman wadda za ta fito a matsayin matar mamaci. Na je. Aka sake nema, na sake zuwa. Na zama matar mutanen da ban taɓa gani ba, wasu ma ba a taɓa haifar su ba. Na daina tuya. Idan na wuce cikin farin mayafi, 'yan acaɓa sukan kauce mini, tsofaffi su ce, "Allah ya ji ƙansa." Ni kuwa in amsa, "Amin."

Maigidana ya dawo, na miƙa masa kuɗin na ce sun sake shawara. Ya ɗaga hannu ya yi godiya ga Allah, ya sayi wata taksi. Na ce masa ya yi asiransin sabuwar a wani kamfani. Ya ce, "Haba. Mutanen da suka yi mana adalci? Zan je in gode musu da bakina." Na roƙe shi, na ƙirƙiro dalilai, bai ji ba. Gaskiyar da za ta tsayar da shi kuwa na kasa furta ta.

Ya je. Ya faɗi sunansa. Ma'aikaciyar ta dube shi ta ce, "Baba, ai kai ka mutu."

A gaban maƙwabta 'yan sanda suka fito da ni, da mayafin a hannun ɗayansu. Ɗanjuma ya ɓace, har yau ban ji ɗuriyarsa ba. Aka ƙwace taksin. Ranar shari'a dangin maigidana suka ce ya sake ni. Ya dube ni, ya ce a hankali, "Ba zan sake ta ba. Matacce ba ya saki." Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe da kunnena ya ji.

Aka kai ni gidan yarin mata. Na aika masa da saƙon neman gafara ta bakin babbar 'yata, ta dawo ta ce ya yi shiru. Na ce in na fita zan durƙusa a gabansa har sai ya yi magana. Amma da yake babu taksi, da tsufansa ya koma hanyar Kamaru. A can motar ta kife da shi. Wannan karon babu dillali, babu ƙarya. 'Ya'yana suka je neman haƙƙinsa, aka ji sunan gidanmu, aka ce sai an yi bincike. Har yau ana binciken.

Da yake bai sake ni ba, takaba ta hau kaina. A tsare na yi ta. Ran da na cire 'yan kunnena, wata da muke ɗaki ɗaya ta ce, "Mama, yau kuma takabar wa ce?" Sauran suka kwashe da dariya. Na yi kuka na gaskiya, ba wanda ya kawo mini ruwa.

An sallame ni. Ina zaune a unguwar Kokoro, a ɗakin da 'yata ta ba ni. Na tuba ga Allah, kuma ina sa rai da rahamarsa. Amma wanda na zalunta yana ƙasa, ba ni da inda zan kai masa roƙona. Idan aka yi rasuwa a unguwa na je ta'aziyya, mata sukan dubi idona su ga ko hawayen na gaske ne.

Ku da kuke tasowa, za a raina muku haƙƙi, wannan ba makawa. Ku yi gardama, ku koma, ku kai ƙara, ku nemi wanda ya san doka. In an hana ku, ku dawo gida da hannu wofi. Amma duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce ƙarya ɗaya ce kawai, ku wuce shi. Ni ƙarya ɗaya na yi niyya, na kashe mijina da baki don a biya mu mota. Motar ta tafi, shi ma ya tafi, kuma bai ce ya yafe ba.