Kaurin Farce

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran keken ɗinki a shagon ƙarshe na layin teloli, kuma ba wanda ya taɓa ganin yadda yake yi. In ka kawo keke, zai karɓa ya ce ka je ka dawo. In ka nace ka tsaya, sai ya juya maka baya, ya baza rigarsa ta kare teburin. Haka ya ga maigidansa yana yi, shi ma ta ƙarƙashin hammatar mutumin ya leƙo sana'ar. Teloli suna tsoron bakinsa, suna yabon hannunsa. Injiniya suke ce masa, amma matarsa ce ta laƙaba masa sunan, kuma da tsiya ta laƙaba shi.

Ita ma tela ce, a gida take ɗinki. Shi ya saya mata keken a shekarar aurensu, baƙi mai zanen furanni ruwan zinare. Ciwon keken nan guda ɗaya ne: sai ya yi ta tafiya tsaf, can ya tsallake ɗinki biyu ko uku, ya ci gaba kamar ba shi ba. Dole ta tsaya ta warware, ta sake. Ya buɗe cikinsa ya fi sau ɗari.

"Injiniya," takan ce, "kekunan gari duk sun warke a hannunka, sai na gidanka."

"Keken nan lafiyarsa lau. Ƙafarki ce. Kina taka shi kamar wadda aka biyo."

Tun tana musu har ta bari. Ta koma takawa a hankali, kayan mutane suka riƙa daɗewa a hannunta, masu gaggawa suka sauya tela. In an tambaye ta sai ta ce, "Ƙafata ce ba ta da saiti." Shekara ashirin da shida tana faɗar haka, har Allah ya karɓi abarsa. Ya lulluɓe keken da zanenta, bai ƙara taɓa shi ba.

Da idonsa ya fara gani dishi-dishi, shugabar telolin layin ta same shi a shago.

"Baba, in idon nan ya tafi, wa zai duba mana kekuna? Ka koya mana ko da kaɗan ne."

Ya yi mata kunnen uwar shegu. Sai da 'yarsa ta auta ta sa baki, da irin muryar uwarta, ta ce, "Baba, a kabari za ka yi gyaran?" Kwana biyu bai yi mata magana ba. A na uku ya fito da teburinsa ƙarƙashin rumfar ƙofar shago, ya ce duk Asabar da safe mai so ya zo ya gani. To amma ba telan da zai yarda a wargaza abin neman abincinsa don darasi. Ba yadda ya iya, ya kwaye zanen, ya ɗauko na marigayiya.

Asabar ta farko ya sha wahala. Hannunsa ya san komai, bakinsa bai san komai ba. Zai kwance wani abu ya ɗaure, ya ce, "Kun gani?" Su ce ba su gani ba. Cikin matan akwai wata mai ɗinkin labule, ta manyanta, ana ce mata Sarkin Tambaya. Ita ba ta karɓar "haka ake yi". Me ya sa wannan noti ya riga wancan? Me ya sa mai a nan, ban da can? Takan ƙure shi, ya murtuke fuska, ya koma gida yana juya tambayar har wata Asabar. A haka ya gano dalilin abubuwan da ya yi shekara arba'in yana yi a makance, ya kuma watsar da wasu da ba su da dalili ko kaɗan. Bai faɗa wa kowa ba, amma ya fara ɗokin Asabar.

A ta shida suka zo kan abin da ya fi ɓoyewa. Ya kwantar da keken, ya nuna musu ƙugiyar ƙasa da ke kamo zare daga jikin allura.

"Nan ne ran keke. In tazarar allura da ƙugiya ta yi yawa, ƙugiya za ta wuce ba ta kamo zare ba, ɗinki ya tsallake. Maigidana ya ce tazarar kaurin farce ce." Ya zura farcen babban yatsansa a tsakani. "Kamar haka."

"Farcen wa, Baba?" in ji Sarkin Tambaya. "Nawa ko naka?"

Aka kwashe da dariya. Ta miƙo yatsanta ta jera da nasa a kan tebur. Nata siriri kamar ɓawon albasa. Nasa kuwa, tun yana saurayi kan keke ya faɗo masa a kai, farcen ya fita, ya sake tsirowa da kauri kamar ƙaho. Ya ninka nata uku.

Shi bai yi dariya ba. Hannun maigidansa ya tuno, dogayen yatsu sirara. Sannan ya tuno kekunan mutane: yakan auna da farce, ya gwada, in sun tsallake ya ɗan matso da ƙugiyar ba tare da ya tsaya tunani ba, don mai keke zai dawo ya yi masa ihu a ƙofar shago. Na matarsa kaɗai ne bai taɓa matsowa ba. Ya auna shi daidai da ƙa'ida, ƙa'ida ba ta kuskure, ita kuma ba ta ihu.

Zai iya cewa "na mace ake nufi" a wuce wurin, ba mai ganewa. Ya dubi mutum wajen ashirin da ke tsaye, har da masu wucewa da suka tsaya kallo.

"Zo ki sa naki," ya ce.

Ta zura farcenta, ya matso da ƙugiyar, ya ɗaure. Aka tayar da keken, aka sa ƙyalle. Ya ce ta taka da ƙarfi, iya ƙarfinta. Ta taka har teburin yana rawa. Ya karɓi ƙyallen, da yake idon ba ya gani sosai, ya bi layin da yatsa daga farko har ƙarshe. Ya sake bi. Babu gurbi ko ɗaya.

"Ku ji da kyau," ya ce. "Kada wanda ya auna da farce. Ku auna da kaurin takarda guda. Ni da farcena na auna keken nan shekara ashirin da shida, na ce laifin mai shi ne. Ba laifinta ba ne. Nawa ne."

Yawancinsu sun san marigayiyar, wasu ma sun sha jin tana zagin ƙafarta.

Ya yi shekara huɗu yana koyarwa a rumfar nan, har idon ya rufe gaba ɗaya, kuma ba ya fara darasi sai ya ɗaga babban yatsansa ya ba da labarin. Amma a waccan Asabar ta shida, da azahar ya rufe shago ya tafi gida da ƙyallen a aljihu. Ya tarar da auta tana shanya a tsakar gida. Ya miƙa mata, ta duba, ta gane zaren da ɗinkin, ta ɗago kai.

"Na Inna ne? Baba, ka gyara?"

"Wata ce ta gyara." Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin da keken ya saba zama. Ya daɗe yana murza farcen nan da ɗayan yatsansa. "Auta, ta taɓa ce miki ta san ba ƙafarta ba ce?"

Auta ta ninke ƙyallen a hankali.

"Ta sani, Baba. In ba ka nan, takan je gidan maƙwabta ta hau kekensu. Ko sau ɗaya bai taɓa tsallake mata ba."