Tsumman da ke Ƙofar Shagon Malam Sule

Shekara ashirin da biyu Malam Sule yana gyaran wayar mota a Kalgo. Aikin da dillalai suka fi kawo masa ƙarami ne. Motar da ta yi haɗari a ƙasar waje, jakar iskarta, wadda ke tare mutum lokacin karo, ta riga ta fashe. Sai a cusa tsumma a gurbinta, a liƙe murfin. Jar fitila ɗaya a dashbod, allon da ke gaban direba, ke tona asiri, don ba ta mutuwa. Sule kan zare ƙwanta, ya naɗe wayar da baƙin tef. Minti goma.

Bara ɗiyarsa Rumaisa, ma'aikaciyar jinya a Gwandu, ta yi karo da motar yashi. Ƙaramar jif ce take tuƙawa, wadda ta bi hannu uku kafin mijinta ya saya mata. Ta ɗaura bel. Babu jakar iskar da ta buɗe. Da aka jawo motar, Sule ya kwance dashbod ɗin da kansa, ya gane naɗin tef ɗin: zagaye uku, da lanƙwasa a baki. Hannunsa ne.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare. Bai musa ba. Amma ya rataye tsumman da ya zaro daga sitiyarin motarta a ƙofar shagonsa.

Ranar Talata dillali Atiku ya zo da jif biyu, fara da mai ruwan toka, tare da Malama Zulai, malamar jami'a mai neman motar kai 'ya'yanta makaranta.

"Malam Sule, gaya mata gaskiya. Farar nan amarya ce, mai ruwan tokar kuwa ta ga jiya ta ga yau."

Sule ya murɗa makullin mai ruwan toka. Fitilar ta kama, ya ƙirga shida, ta mutu. Ya murɗa na farar. Ko ƙyaftawa.

"Baba, ba rashin fitilar ne lafiya ba?" in ji Zulai.

"Malama, lafiyayya takan gaishe ki kafin ta yi shiru. Wadda ba ta gaisuwa, an toshe mata baki."

Ya sa sukundireba ya ɓalle murfin sitiyarin farar, ya zaro tsohon singileti.

"Kai fa ka koya mana!" Atiku ya daka masa tsawa.

"Ni ne. Ni kuma na sa ɗiyata a rami. Kai wa ka sa?"

"Wallahi babu dillalin da zai sake taka shagon nan."

"Hanya a buɗe take."

Zulai ta tafi da mai ruwan toka. Sule ya rataye singiletin kusa da tsumman.

Ranar Juma'a farar ta wuce ta gabansa, an liƙe murfin, wani mutum na tuƙi da yarinya a kujerar gaba. Sule ya fizge singiletin, ya tada babur, ya bi su hanyar Gwandu.