Ranar da na wanke ƙwaryar Inna

Ina koyar da ilimin halittu a wata lise, wato makarantar sakandare, a Tawa, kuma akwai darasin da nake jin nauyinsa duk shekara. Na bakteriya ne, halittun da duk jikinsu ƙwaya ɗaya ce. Cikin kowace akwai zaren gado mai igiya biyu, ADN, ɗauke da ƙananan alamomi da ake kira metil, masu nuna inda za a karanta da inda za a tsallake. In ƙwaya za ta rabu biyu, kowace ɗiya takan tafi da tsohuwar igiya ɗaya da sabuwa ɗaya. Sabuwar ba ta da alama. Daga tsohuwar ake kwafa mata.

Inna ba ta taɓa jin wannan ba, amma tana da ƙwaryar nono da ta gada wurin mahaifiyarta a Takanamat. Ba a sa mata sabulu. Kullum takan bar ragowar nonon jiya a gindinta, ta zuba madarar yau, ta rufe da faifai. Iri take ce masa.

Shekarar da na dawo daga jami'a Inna ta kwanta da ciwon ciki, ni kuwa nan take na gano mai laifi. Na kankare ƙwaryar da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, na shanya a rana, ina jin kaina likita. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da ta gani ta ce, "Ke 'yal lakkol mai boko, mi kinka yi ma ƙwaryata?"

"Wanke ta niy yi, Inna, duk dauɗa ta."

"Ba dauɗa ba ta. Hannun uwata na."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ashe ciwon ba daga nono yake ba, kuma fura da nonon ƙwaryarta kaɗai cikinta ke karɓa. Na roƙo iri a maƙwabta, na samo wurin masu tallar nono. Nonon yakan yi tsami, ta ɗanɗana, ta ture. "Na mutane na," in ji ta. Haka ta yi ta ramewa har ta rasu kafin a yanke hatsi.

Bara wata ɗaliba ta tambaye ni, "Madam, in tsohuwar igiyar ta ɓace hwa?"

Na ce sabuwar za ta iya rayuwa, sai dai ba ta da inda za ta kwafa. Na juya ina goge allo, na daɗe ban juyo ba. Ƙwaryar tana ɗakina har yau, fes da ita.