Inda Ƙaramin Jirgi Ya Tsaya

Makarantar da ke bayan gidanmu a Unguwar Rogo ba ta da ƙararrawa, guntun ƙarfen dogo suka rataye a bishiya suna bugawa. Yara na jin sa su ruga aji, ni kuwa da na ji shi sai in tuna baffana. Abin dariya ne a ce ƙarfen jirgi ya iso Sakkwato, jirgin kansa har yau muna jira.

Ina ƙarama mahaifina ya tafi cin rani wurin haƙar kuza a ƙasar Jos. Rani ya wuce, damina ta sauka, bai dawo gona ba. Sai wani falke ya kawo labarin cewa sanyin can ya kama masa ƙirji, yana kwance. Kakata, wadda ta haife shi, ta kira ƙanensa, shi ne baffan nawa, ta ce ya je ya ɗauko shi. Ta ji an ce jirgi na zuwa har Gusau, don haka sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: in ya sa ɗan'uwansa a jirgi, kada ya sauke shi a ko'ina sai inda ƙarfe ya ƙare. Baffa bai taɓa ganin jirgi ba, ya ɗauki alkawari da zuciya ɗaya.

Ya dawo da hantsi wata rana, ƙasa na ƙanshin ruwan da aka yi, kaka na tsinkar zogale a tsakar gida. Shi kaɗai ya shigo, da ƙullin kayan mahaifina a hammata. Ba wanda ya tambaye shi komai, kuka kawai ya tashi.

Bayan an share makoki kaka ta zaunar da shi. Ya ce jirgin da ke saukowa daga Jos ƙarami ne, iyakarsa Zariya. A nan aka ce kowa ya fito ya jira babba. Ya roƙi ma'aikata su bar mara lafiya a ciki jirgin ya wuce da shi, suka ce ba mugunta ba ce, ƙafafun ƙaramin ba za su hau hanyar babban ba. Ya goya yayansa ya sauko da shi, ruwa ya tsuge, feshi na shiga rumfar tasha. Kafin babban jirgi ya zo rai ya yi halinsa, mutanen kirki suka taya shi sutura.

Da ya ga kaka ba ta gane ba, ya zaro kara daga danga ya jera a ƙasa, biyu kusa da juna, biyu da ɗan faɗi. Ya haɗa bakinsu don ta ga ba su dace ba, ya sa tafin ƙafarsa a wurin da suka saɓa.

"Inna, wanga ɗan wuri shi ab bambancin. Wallahi ba ni nis so ba."

Kaka ta daɗe tana duban karan. Matar da ta yi rayuwarta tana ganin raƙumi da jaki da ɗan akuya suna bin turba ɗaya zuwa kasuwa, yaya za a ce mata hanya na zaɓen mai tafiya?

"Hanya hanya ta," in ji ta. "Gajiya kay yi, ka aje min ɗa ga ƙasa."

Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Sai dai daga ranar ba ta sake aikensa ko ɗebo garwashi ba. Yakan durƙusa ya gaishe ta ta amsa tana kallon akushi. Shi ya noma gonarmu, shi ya aurar da ni, kuma duk wanda ya dawo daga Zariya sai ya jawo shi gida ya ba da shaida. Kaka takan saurara, ta ba baƙo fura, in ya fita ta ce abokinsa ne, me zai faɗa. Haka ta koma ga Allah. Ranar baffa ya yi kukan da bai yi na yayansa ba, ni ma har yau abin na ci mini rai.

Kwanan baya jikana mai karatun injiniya ya ji ina wannan labari. Ya ce ai ba a Zariya kaɗai ba ne, ƙasashe da yawa haka suke, kowa da faɗin dogonsa, a iyakar wasu ma ɗaga taragu ake yi a sake musu ƙafafu mutane na zaune a ciki. Ya ce ƙaramar hanyar Jos ɗin an daɗe da cire ta, ko ka je ba abin da za ka gani.

Na ce ya sake faɗin na ɗaga taragun, ya maimaita yana murmushi, yana zaton sha'awa ce. Sai na tashi na shige ɗaki. Ashe duk duniya ta san baffa gaskiya ya faɗa, ban da tsohuwa ɗaya a gidanmu, ita kaɗai kuma yake so ta yarda.