Waken Mahaifiyata

Shekarun baya, a ƙauyenmu da ke yankin Sule Tankarkar, duk macen da ke neman irin wake ɗakina take zuwa. Wani farin wake ne mai ƙananan ido da na gada a wajen mahaifiyata. Ba shi da saurin nuna, amma yana yaɗo har ya rufe ƙasa a tsakanin gero, idan aka gama roro kuma a ɗaure harawar da za ta kai tumaki ƙarshen rani. Kowace kaka nakan tsince masu kyau, in cakuɗa da toka, in zuba a tulu, in liƙe bakin da laka. Ba na sayarwa. Amma kuma ba na bayarwa sai na yi wa mace faɗa tukuna, don haka har yau wasu ke gaishe ni daga nesa.

Matsalarsa ɗaya ce, tsutsa. Da ya fara fure take shiga. Babban ɗana, wanda ke riƙe da gonar tun rasuwar mahaifinsa, yakan goya tankin feshi ya wuni, ya dawo ido jajur yana tari.

Wata shekara ya dawo daga Gumel da iri a leda. Ya ce, "Inna, wannan malaman gona ne suka kawo. An gyara shi tun daga cikin ƙwayar halittarsa, tsutsa ba ta iya cinsa."

Na juya shi a tafin hannu, na shinshina. Na ce, "Abin da tsutsa ta ƙi, shi za ka ba 'ya'yanka?"

Ya yi dariya, ya shuka abinsa. Ni kuwa kullum ina bakin gona ina jiran in ga ya lalace, in samu abin faɗa. Bai lalace ba. Ya nuna da wuri, ya yi 'ya'ya, feshin ma kaɗan aka yi. Tarin ɗana ya tafi. Na ci ɗanwaken sabon irin, na ce babu daɗi, na ƙara.

Damina ta gaba na ce a bar mini kunya biyu in zuba na tulu. Ya ce, "Inna, naki shi ke janyo tsutsa, ki bari sai baɗi." Baɗi ta zo, gwiwata ta kwantar da ni. Wata baɗin ma ta zo ta wuce. Hankalina kwance yake, tunda tulu na nan a liƙe a ƙarƙashin gado.

Abin da ba wanda ya lura da shi sai a hankali shi ne, sabon waken a tsaye yake fitowa, ba ya yaɗo kamar namu. Harawarsa ba ta taka kara ta karya ba. Sai aka yi wani rani mai tsawo, ciyawa ta ƙare a daji, tumakinmu suka koma cin leda a bola. Uwar garken, wadda duk sauran daga tsatsonta suke, ta kwanta ba ta tashi ba.

Da yamma ɗana ya tsuguna a ƙofar ɗakina, ya daɗe yana gaisuwa. Can ya ce, "Inna, ko za a buɗe tulun nan? Bana mu raba gonar biyu, sabon don ci, naki don dabbobi."

Na so in ja masa rai, amma murna ta hana. Na fasa lakar da bakin wuƙa, na zura hannu. Gari na damƙo. Gari da matattun ƙwari. Na zazzage tulun kaf a faifai, ko ƙwaya ɗaya mai rai babu. Ashe wani gefen lakar ya daɗe da tsagewa.

Na ce kada ya damu, ai na raba wa rabin ƙasar nan. Na fara da maƙwabciyata. Ta ce, "Wayyo Iya, ai mun dafe namu tuntuni, tunda mun san kina da shi." Na hau mota zuwa Gagarawa wajen ƙanwata, wadda tare muka koyi tsintar irin nan a gaban mahaifiyarmu. Ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya, ni da na ce idan na buƙata wajenki zan aika?" Duk gidan da na shiga maganar ke nan. Kowa ya cinye nasa don ya san akwai a wajena.

Ranar kasuwar Maigatari na bi masu awo ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka ƙetaro daga Damagaram. Wani dattijo ya zuba mini wake kala-kala a hannu, na yi ta ture su. Ya ce, "Hajiya, ke wake kike nema ko wani ɗan'uwanki da ya ɓata?" Na sayi wani wake mai kama da namu, muka shuka. Yana yaɗo, yana ba da harawa, tumaki sun farfaɗo. Amma ba shi ba ne, kuma a duk gidan ni kaɗai na san haka.

Ba na zagin sabon iri. Ya ciyar da jikokina, ya raba ɗana da guba. Abin da na gane a makare shi ne, iri ba a tulu yake zama ba, sai an mayar da shi ƙasa duk shekara. Da na nace a kan kunya biyun nan, ko a bayan ɗaki ne, da yana nan.

Yanzu idan yarinya ta tambaye ni yadda waken yake, sai in fara kwatantawa, in ga tana gyaɗa kai don ladabi kawai. Ba ta taɓa ganinsa ba, kuma ba ni da ko ƙwaya ɗaya da zan ɗora mata a hannu.